Ƙusoshi Huɗu a Daɓen Ƙwallo

Lahadi, 7 ga Yuli, bayan sallar asuba

Wannan littafin awo ne. Ban taɓa rubuta komai a cikinsa ba sai tsawo da faɗin katako. Amma yau maganar ta cika min ciki, kuma in na fara gaya wa Hanifa matata sai na kai ƙarshe, ni kuwa ban shirya kaiwa ƙarshe ba.

Jiya 'yan sanda sun tafi da Yero. Shekara goma sha tara muna aikin kafinta tare a rumfa ɗaya nan unguwar Abakpa Nike a Enugu, tun ranar da ya sauko daga motar shanu, daga Malumfashi, yana neman wanda zai koya masa sana'a. Mu biyu muka shimfiɗa daɓen katako a ɗakin wasanni na wata makarantar kuɗi a cikin Enugu. Injiniya Okwudili, wanda ya ba mu aikin, ya ce lallai kafinta ɗaya ya tsaya a wurin ranar gasa. Na ce bayana na ciwo. Yero ya je.

Ana tsakiyar wasan ƙwallon kwando na 'yan mata, wata yarinya ta yi tsalle ta diro, gefen allo ɗaya ya ɗago ya kama takalminta, gwiwarta ta juya. Da aka ciro allon sai aka tarar an kafe shi da ƙusoshi huɗu. Daɓen nan kuwa ba a sa masa ƙusa. Uban yarinyar ya kira 'yan sanda, kafintan da suka tarar a wurin shi suka ɗauka.

Bayan nawa da gaske yana ciwo.

Lahadi, la'asar

Ruwa tun safe. Ban fita ba.

Litinin, 8 ga Yuli, hantsi

Litinin ce, ranar da ake tilasta wa mutane zaman gida a yankin nan, rabin shagunan layinmu a rufe, ko okada ba ka ji sosai. Na zauna a ƙofar ɗaki ina ta tunanin daɓen.

Alluna ne na itacen iroko, ɗari biyu da goma sha shida. Kowanne na fitar masa da harshe a gefe biyu, na yanka masa kwari a ɗaya gefen biyu. Harshen wannan ya shiga kwarin wancan, namiji da mace, irin haɗin da mahaifina yake yi wa ƙyauren ɗaki a Kano. Sannan a soka ɗan turken katako ya kulle su. Ba gam, ba ƙusa. Makarantar haka take so, don in za su yi taron yaye ɗalibai su kwashe allunan su jera a sito, in an gama su mayar. Daɓen a kan sanduna da roba yake zaune, in aka taka yana ɗan lotsawa ya dawo, shi ya sa ba ya cin gwiwar 'yan wasa. Duka tare yake motsi. In aka kafe allo ɗaya da ƙusa, na kusa da shi suna motsi shi yana tsaye, sai harshe ya tsage, gefe ya ɗago. Duk wanda ya yi aikin nan ya san haka. Wanda ya buga ƙusoshin ma ya sani.

Injiniya ya kira ni ɗazu. Ya ce in kwantar da hankalina, ya gaya wa makarantar da 'yan sanda cewa ba ni ba ne. Malam No Nail suke ce min a kasuwar katako, shekaru da yawa, don ba na yarda ƙusa ta shiga aikina. A rumfarmu Yero ne mai yin bencuna da teburan 'yan kasuwa, shi ke da gwangwanin ƙusa. Injiniya ya ce hamar da aka samu a ɗakin ma ta Yero ce, da sunansa a jikin ƙotar.

Na ce masa na gode.

Talata, 9 ga Yuli, bayan azahar

Zuliha matar Yero ta zo da sassafe, goye da ƙaramar 'yarsu. Ta durƙusa ta gaishe ni kamar kullum, ta ce, “Yaya, kai ne babbansa a garin nan. Ba mu da kowa sai Allah sai kai.” Na ce in sha Allahu za a yi ƙoƙari. Hanifa ta ja ta ciki ta ba ta koko.

Na je na ɗauko Baba Na'Allah, dattijon mahautan Abakpa, wanda in wani namu ya shiga hannun hukuma shi ke tsaya masa. Muka je ofishin 'yan sanda. Mun yi awa uku a kan benci kafin a fito da Yero bayan kanta. Babu riga a jikinsa sai singileti, sauro ya ciccije masa wuya. Ya gaida Baba da kyau, ya tambayi iyalinsa. Sannan ya juyo gare ni.

“Yaya, ya bayan naka?”

Na ce da sauƙi.

“Alhamdu lillahi,” in ji shi.

Baba ya tambaye shi ko shi ya buga ƙusoshin. Ya ce, “Ba ni ba ne, Baba.” Baba ya ce to wa ke nan. Ya ce shi dai ba shi ba ne. Ɗan sandan da ke rubutu ya yi dariya, ya ce kowa haka yake faɗa. An ce mu dawo gobe.

A hanya Baba yana ta magana a kan yadda aikin gaggawa ke jefa mutum cikin wahala. Ina ta cewa haka ne, haka ne.

Laraba, 10 ga Yuli, magariba

An ba da belin Yero, Baba ya tsaya masa. Za a kai maganar kotu a ƙarshen wata. Makarantar ta ce kada ya ƙara taka harabarta. Ban shiga keke ɗaya da su ba, na ce ina da aiki a rumfa. Ba ni da aikin komai. Na share ƙasa sau biyu, na wasa kurfin sassaƙa uku da ba su dakushe ba.

Alhamis, 11 ga Yuli, hantsi

Yero bai zo rumfa ba. Ruwa bai tsaya ba. Na gaji.

Juma'a, 12 ga Yuli, bayan sallar Juma'a

Mako guda yau. Bari in rubuta shi yadda ya faru, ko sau ɗaya.

Waccan Juma'ar bayan masallaci na koma ɗakin wasan ni kaɗai don in yi dubawar ƙarshe. Yero ya wuce kasuwar katako, ya bar akwatin kayansa a wurin. Ina shiga na hango daɓen ya yi tozo ƙarƙashin kwandon gabas, tsawon yatsa biyu. Ruwan mako biyu ya jiƙa iskar ɗakin, katako ya kumbura, ya cinye tazarar da muka bari a jikin bango, da ya rasa inda zai miƙe sai ya tashi a tsakiya. Maganinsa sananne ne. A kwashe layi goma sha ɗaya, a rage gefen allunan da ke jikin bango da magogin katako, a mayar. Aikin kwana uku ne ga mutum biyu.

Na kira Injiniya na gaya masa. Ya ce, “Malam, gobe ƙarfe tara ake busa usur. Makarantu takwas ne za su zo. Ka yi abin da za ka yi.” Ya kashe waya.

Na zauna a ƙasa na daɗe. Makonni bakwai ke nan ina durƙushe a ɗakin nan, shekaruna hamsin da takwas. Na tuna sake kwashe layi goma sha ɗaya, sai na ji jikina ya ƙi. Na ce a raina kwana ɗaya ne kawai, ranar Lahadi in zo in cire in yi gyaran gaskiya, ba wanda zai sani.

Na buɗe akwatin Yero na ɗauki hamarsa da ƙusa shida. Na hau kan tozon da nauyina, na buga huɗu. Na nutsa kawunansu, na cike ramukan da garin katako da gam, na shafa mai. Ko ni da na tsaya daga nesa ban gane wurin ba. Minti ashirin.

Ni na buga. Bayana kuma ya yi ciwo ranar Asabar, amma ba shi ya hana ni zuwa ba.

Lahadi, 14 ga Yuli, bayan la'asar

Na je gidan Yero. Yana zaune a kan turmi a ƙofar ɗaki yana gyara wa 'yarsa takalmi. Ya tashi ya ba ni kujera, Zuliha ta kawo ruwa ta koma ciki. Muka gaisa, muka yi maganar ruwan sama.

Shi ya fara. Ya yi ƙasa da murya don kada a ji a ɗaki.

“Yaya, da aka ciro allon ina tsaye a wurin. Na ga yadda aka nutsa kan ƙusar aka cike. Ni ban iya tsabtar aiki irin wannan ba. Hannu ɗaya na sani a garin nan da ya iya.”

Na ce, “Me ya sa ba ka faɗa musu ba?”

“Jira nake ka faɗa.”

Ya ci gaba da soka allura a takalmin. Can ya ce, “Kwana huɗu ina ciki. Duk takun da na ji a bakin ƙofa sai in ce ga Yaya nan ya zo ya gaya musu. Ranar Talata da na gan ka da Baba, wallahi na ɗauka shi ke nan.”

Na ce masa ina neman hanyar da za a bi ne. Ya ce to. Na ce in sunana ya ɓaci rumfar ta mutu, mu duka biyu za mu rasa abinci. Ya ce to. Ban san sau nawa ya ce to ba. Da zan tafi ya raka ni har bakin titi kamar yadda ya saba.

Litinin, 15 ga Yuli, azahar

Na kwanta yini guda. Hanifa ta shafa min man zafi.

Talata, 16 ga Yuli, magariba

Ban san abin da ya kai ni asibitin ba. Na sayi lemo da ayaba na je. Sunan yarinyar Ugochi, shekararta goma sha shida, doguwa ce, gadon ya yi mata kaɗan. An yi mata aiki a gwiwa. Uwarta ta ce likita ya ce sai ta shekara kafin ta yi gudu, wasa kuwa bai yi alkawari ba. Ana shirin ɗaukarta cikin 'yan wasan jiha ne a wannan gasar.

Da na faɗi ko ni wane ne na zaci uwar za ta kore ni. Sai ta share min kujera da gefen zanenta. Ta ce, “God go bless you, Malam.” Ta ce Injiniya ya gaya musu ni ne mutumin kirkin, ɗayan ne ya yi ha'inci. Ta ɓare lemo ɗaya ta miƙo min rabi.

Yarinyar ta tambaye ni ko ni na yanka allunan da hannuna. Na ce ni ne. Ta ce ba ta taɓa wasa a daɓe mai daɗin takawa irinsa ba, kamar yana mayar mata da ƙafarta in ta diro. Ta ce kafin a fara wasan sai da ta cire takalmi ta taka shi da tafin ƙafa.

Na ci lemon.

Laraba, 17 ga Yuli, bayan sallar asuba

Hanifa ta kawo min shayi. A kan faranti, kusa da kofin, ga ƙusa biyu.

Ta zauna a bakin gado ta ce, “Malam, a aljihun wandonka na waccan Juma'ar na same su, ranar da na yi wanki. Tun ranar suna cikin gwangwanin allurata.”

Ta ci gaba.

“Jiya Zuliha ta zo aron tukunya, tana yi maka addu'a, wai kai ka kawo Baba. Na kasa kallon idonta. Shekara talatin ina gidanka ban taɓa jin kunyar maƙwabciya ba sai jiya.”

Na ce za a iya rufe ni. Ta ce ta sani. Ta ce, “Ban ce ka yi kaza ba. Ni dai ba zan ƙara ajiye su ba.” Ta ɗauki bokiti ta fita layin famfo.

Alhamis, 18 ga Yuli, hantsi

Na sa hula, na kai bakin titi, na dawo.

Juma'a, 19 ga Yuli, magariba

Na sami Baba Na'Allah a mayanka da safe, yana zaune a rumfarsa ana auna nama. Na durƙusa muka gaisa, ya tambayi gida da jiki da aiki, na amsa duka. Sannan na ce ina da magana. Ya sallami mutanen. Na gaya masa tun daga tozon har ƙusa biyun da ke aljihuna, na fito da su na ajiye a gabansa.

Ya daɗe yana kallonsu. Ya ce, “Mijinyawa, kana zaune kusa da ni a kan bencin nan awa uku.”

Na ce haka ne, Baba.

“Na sa hannuna a takardar yaron mutane, kai kana kallo.”

Na ce haka ne.

Ya wanke hannu, ya sa babbar riga. Ya ce, “To tashi. Gara yau da gobe.”

Mun fara biyawa ta ofishin Injiniya, don Baba ya ce kada ya ji a bakin wani. Bai so jin maganar ba ko kaɗan. Ya ce takardar ƙara ta riga ta tafi kotu, me ya sa zan ɓata sunana a kan abin da ya wuce, Yero tara kawai za a ci shi. Da na ce zan faɗi har wayar da na yi masa ranar Juma'a, sai fuskarsa ta canza. Ya ce shi bai ce in buga ƙusa ba. Na ce gaskiya ne, bai ce ba, kuma haka zan faɗa. Bai raka mu ƙofa ba.

A wurin 'yan sanda, wanda ya yi wa Yero dariya shi ya rubuta bayanina. Sau biyu yana ajiye biro yana tambaya ko wani ne ya tilasta ni. Sun riƙe ni bayan kanta har la'asar. Baba ya sake sa hannu, wannan karon a tawa takardar. A hanyar dawowa bai yi min magana ba sai da zai sauka, ya ce in gaida Hanifa.

Na zaci zan ji sauƙi. Gajiya kawai nake ji.

Litinin, 22 ga Yuli, la'asar

An cire sunan Yero daga ƙarar. Makarantar ta ba wani kamfani gyaran daɓen, an ce da gam za su manne shi gaba ɗaya. Labari ya kai kasuwar katako. Wanda nake sayen iroko a wurinsa shekara goma ya gan ni ranar Asabar, ya shige cikin shago. Zuliha ba ta zo gidanmu ba, ta aiko da tukunyar.

Laraba, 24 ga Yuli, bayan azahar

Na koma asibitin. Ban riƙe komai a hannu ba. Uwar Ugochi ta riga ta ji, mijinta ya gaya mata. Tana ganina ta miƙe ta tsaya tsakanina da gadon. Ba ta ɗaga murya ba. Ta ce na zauna a kujerarta, na ci lemonta. Na ce haka ne. Ta ce in fita.

Yarinyar ce ta ce a bar ni. Ta tashi zaune da ƙyar ta dube ni. Da turancin kasuwa muka yi maganar.

Ta ce, “Ka ga wurin ya tashi?”

Na ce na gani.

“Kuma ka san washegari a kansa za mu yi wasa?”

Na ce na sani.

“Ka san zai iya ɗagowa?”

Na so in ce na zaci zai riƙe kwana ɗaya. Gaskiya ne, haka na zata. Amma ba shi ta tambaya ba. Na ce na san zai iya.

Ta gyaɗa kai, ta koma ta kwanta, ta juya fuskarta bango. Na ce ta yafe min. Ba ta juyo ba. Na tsaya kaɗan, sannan na fita. Na taho da ƙafa har Abakpa, ban lura ba sai da na ga gadar shiga unguwar.

Alhamis, 25 ga Yuli, hantsi

Na buɗe rumfa. Ba wanda ya zo.

Asabar, 27 ga Yuli, hantsi

Jiya da yamma Yero ya zo rumfa ya kwashe kayansa. Abin da ya saya da kansa kawai ya ɗauka. Na miƙa masa babban magogin mahaifina, ya riƙe shi ya duba bakinsa, ya mayar kan tebur. Ya ce gida za su koma, wansa ya samar masa rumfa a Malumfashi. Ya ce ya yanke shawarar tun yana tsare a wurin 'yan sanda.

Yau da safe na je tasha. Zuliha na cikin mota da yara, ta gaishe ni ta taga ba ta ɗago kai ba. Na taya shi ɗaure akwatin kayan aiki a saman mota, shi yana ja ta can ina ja ta nan, kamar yadda muka saba. Da muka gama na ce masa ya tsaya. Na ce rumfar ta zama tasa, ni in koma yi masa yankan katako.

Ya goge hannunsa a wando. Ya ce, “Yaya, na yafe maka, har ga Allah. Ka je ka faɗa, ba kowa zai iya ba. Amma in na zauna, duk ranar da ka juya baya sai na duba aikinka. Kai ka koya min riƙe zarto. Ba na son in zama mai duba aikinka.”

Ya ba ni hannu, ya ce in riƙa shan maganin bayan. Direba ya yi hon, ya shiga.

Na tsaya har motar ta fita daga tashar. Talata zan tsaya a kotu. Hanifa ta ce za ta raka ni.